Tsutsar da ke kashe ƙwarin gona da yadda zafin ƙasa ke yanke mata hukunci

A shagunan kayan lambu na Holan da Jamus da Ingila akwai wani maganin ƙwari da ba a jera shi a kanta tare da sauran kwalabe. A firji yake kwana. Wanda ya saya daga nesa kuma, cikin ƙunshi mai riƙe sanyi ake aiko masa, da gargaɗin kada ya bar shi ya wuce 'yan makonni. Idan ka farke ledar ba za ka ga wani abin a-zo-a-gani ba. Ɗan gari ne mai danshi, kamar ƙullun da bai gama kwaɓuwa ba. Amma ka lakato kaɗan da tsinke ka jefa cikin ɗigon ruwa, ka duba ta madubin da ke ƙara girman abu. Nan da 'yan mintoci sai ka ga wasu siraran zarurruka farare sun fara miƙa, suna lanƙwasa, suna wutsil-wutsil. Ƙunshi ɗaya da bai fi tafin hannu biyu ba yana ɗauke da irinsu miliyan 50, kowane ɗaya da ransa.

Kwalbar maganin feshi tana iya yin watanni a shagon kwano a tsakiyar bazara, a ɗauko ta ta yi aiki. Wannan kuwa yini ɗaya a bayan mota cikin rana ya isa ya mayar da shi mushe. Daga ranar da aka haɗa shi a masana'anta har ranar da ya shiga jikin ƙwaro, babu matakin da zafi ko sanyi ba su da ta cewa a kai.

Masana suna kiran waɗannan halittu nematod, kuma da wannan suna zan kira su don kada su rikice mana da tsutsar ƙwaron da suke kashewa. Dangi ne mai faɗi. Kurkunu, wanda Najeriya ta samu shaidar rabuwa da shi a 2013, ɗan wannan dangi ne. Haka tsutsar ciki, haka ƙananan da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulle-ƙulle har shuka ta tsumbure. To a cikin dangin akwai gidaje biyu da ba ruwansu da mutum ko shuka, ƙwaro kawai suka sa a gaba: Steinernema da Heterorhabditis. A 1929 wani masani mai suna Rudolf Glaser ya tsinci ɗaya daga cikinsu a jikin matacciyar gwazarmar wani buzuzu ɗan asalin Japan a jihar New Jersey ta Amurka, ya kuma fara kiwonta don yaƙar ƙwaron. Zuwan magungunan feshi masu arha bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka ture batun gefe, sai daga shekarun 1970 aka sake waiwayarsa da gaske.

Yadda kisan ke faruwa

A duk rayuwar nematod mai kashe ƙwaro mataki ɗaya ne kawai take yi a wajen jikin ƙwaro, kuma shi ake sayarwa a leda. A wannan mataki tsawonta rabin milimita ne zuwa milimita ɗaya da ɗoriya. Bakinta a rufe yake, ba ta cin komai. Da kitsen da ta taro a jikinta take rayuwa, kamar matafiyin da ya fito da guzuri a hanyar da babu kasuwa. A cikin hanjinta kuma tana ɗauke da wasu bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, da ba sa rabuwa da ita: Xenorhabdus a wajen Steinernema, Photorhabdus a wajen Heterorhabditis.

Idan ta samu tsutsar ƙwaro a cikin ƙasa sai ta shige ta baki, ko ta dubura, ko ta ƙananan ƙofofin numfashi da ke gefen jiki. Heterorhabditis har ɗan haƙori gare ta da take huda fata a wurin da ta yi laushi. Da ta isa ruwan jikin ƙwaron sai ta saki bakteriyar. Su ne ke yin ainihin kisan. Suna hayayyafa, suna zuba guba, suna karya garkuwar jikin, cikin awa 24 zuwa 48 ƙwaro ya mutu. Daga nan sai su narkar da cikinsa ya zama abinci, su kuma fitar da sinadaran da ke hana sauran ƙwayoyin cuta shigowa, shi ya sa gawar ba ta ruɓewa ta yi ɗoyi. Wadda Heterorhabditis ta kashe jajawur take komawa kamar bulon ƙasa da aka gasa, kuma a ɗaki mai duhu, idan ido ya saba, takan yi ɗan haske. Ta Steinernema kuwa ruwan ƙasa-ƙasa take zama.

A cikin wannan gawa nematod ke buɗe baki ta ci, ta girma, ta haihu, 'ya'yan su ma su haihu, zuriya biyu ko uku. Idan abinci ya ƙare, bayan mako ɗaya zuwa biyu, sai sababbin matafiya su fito, kowa da guzurinsa da bakteriyarsa. Daga gawar tsutsa ɗaya irin wadda ke ɓata saƙar zuma a amya ana iya samun sama da dubu ɗari.

Ka lura da yawan matakan: tafiya a cikin ƙasa, shiga jiki, hayayyafar bakteriya, girman nematod, haihuwa, fitowa. Rayuka uku ne kuma a ciki, nematod da bakteriya da ƙwaro, kuma babu ɗayansu da ke iya riƙe ɗumin jikinsa kamar yadda mutum ko akuya ke yi. Zafin ƙasar da suke ciki shi ne zafin jikinsu. Kowane mataki da iyakarsa ta ƙasa da ta sama, kuma iyakokin ba sa faɗawa wuri ɗaya. A nan ne yawancin ruɗanin yake.

Alƙaluman da suka fayyace batun

A 1994 Parwinder Grewal da abokan aikinsa Selvan da Randy Gaugler na Jami'ar Rutgers ta Amurka suka gwada ire-iren nematod daga sassan duniya daban-daban a kan tsutsar saƙar zuma, a matakan zafi daban-daban. Abin da suka samu har yau shi ake komawa. Steinernema feltiae, wadda aka fi sani a ƙasashen sanyi, tana iya kashe ƙwaro tun daga digiri 8 har 30 a ma'aunin Salshiyas, amma haihuwa sai tsakanin 10 da 25. Steinernema carpocapsae tana kisa daga 10 zuwa 32, haihuwarta kuwa ta taƙaitu tsakanin 20 da 30. Steinernema riobrave ita ce mai faɗin zango wajen kisa, daga 10 har 39, tana kuma haihuwa daga 20 zuwa 35.

Darasin da na fi so mai karatu ya riƙe daga waɗannan lambobi shi ne ƙofar haihuwa ta fi ƙofar kisa ƙunci. Ɗauki feltiae a ƙasa mai digiri 28. Za ta shiga, ƙwaro ya mutu, manomi ya tono ya ga gawa ya ce magani ya ci. Amma a cikin gawar nan ba za a samu zuriya ba. Abin da aka zuba shi kenan, idan ya ƙare ya ƙare. Alhali babban dalilin da ya sa mutum zai biya kuɗi mai yawa ya sayi halitta mai rai maimakon guba shi ne begen ta hayayyafa ta ci gaba da tsare gonar. Idan zafi ya yanke wannan, ka sayi feshi ɗaya mai tsada ke nan. Shi ya sa duk rahoton da ya ce nematod kaza ta kashe kashi kaza na ƙwari a digiri kaza, tambayar da ya kamata ta biyo baya ita ce: nawa suka fito daga gawar?

Ɓangaren sanyi ba sai an daɗe a kansa ba, domin damuwar Turawa ce fiye da tamu. Idan ƙasa ta yi sanyi nematod takan yi nauyi, ta kasa tafiya. Ko ta shiga jikin ƙwaro, bakteriyar ba sa yaɗuwa da sauri, sai mutuwar da ya kamata ta zo cikin kwana biyu ta ɗauki mako ko fiye. Masu lambun Ingila da ke fama da wani baƙin ƙwaro da tsutsarsa ke cin saiwar furanni da 'ya'yan itace sun san wannan sarai. Heterorhabditis bacteriophora ba ta yi musu aiki sai ƙasa ta kai wajen digiri 12, shi ya sa a farkon shekara ake ba su Steinernema kraussei, wadda ke motsi tun daga digiri 5. Abu mai muhimmanci shi ne sanyi mai matsakaici jinkirta aiki yake yi, ba ya kashewa. Rana ta fito ƙasa ta ɗumama, aiki ya ci gaba.

Zafi ba ya ba da wannan rangwame.

Abin da zafi ke yi

Farkon ɓarnarsa a kan guzuri take. Duk ƙaruwar zafi tana ƙara wa nematod motsi da numfashi, sai kitsen ya riƙa ƙonewa da sauri. Wannan ana ganinsa da ido a madubi. Sabuwar fitowa cikinta cike yake, duhu-duhu saboda ɗigon kitse. Wadda ta daɗe a ɗumi takan koma garau kamar zaren gilashi, ana hango ta ciki. Tana nan da rai, tana ɗan motsi, amma ba ta da ƙarfin ratsa ƙasa balle huda jikin ƙwaro. Mai saye da ya duba ya ga suna motsi sai ya ɗauka lafiya lau, alhali guzuri ya ƙare tun a hanya.

Idan zafin ya haura digiri 35 kuma, ga yawancin ire-iren da ake sayarwa, batun ya wuce na guzuri. Sinadaran furotin da jiki ke aiki da su sukan fara lalacewa, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko. Fatar ƙwayoyin jiki, wadda maiƙo ce, takan yi ruwa fiye da kima. A digiri 40 'yan awoyi sun isa su kashe mafi yawansu. Su ma bakteriyar da iyakarsu, kuma idan suka raunana a cikin gawa sai kariyarsu ta faɗi, wasu ƙwayoyin su shigo, gawar ta yi baƙi ta ruɓe da nematod ɗin a ciki.

Sannan zafi ba ya zuwa shi kaɗai. Nematod ba ta da ƙafa, a cikin siririn ruwan da ke lulluɓe da ƙwayoyin ƙasa take iyo. Zafin da ya ɗaga ma'auni shi ne dai ke busar da wannan ruwa. Hasken rana kai tsaye kuma yana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke nakasa ta cikin mintoci. Wanda ya fesa nematod a kan busasshiyar ƙasa da ƙarfe 12 na rana ya haɗa mata abokan gaba uku a lokaci guda.

Akwai kuma wurin da mutane ba sa kawo wa rai: cikin tankin feshin kansa. Ka dubi yadda aiki ke tafiya a gona. An ɗebo ruwa a jarka tun da hantsi, an ajiye a bakin kunya. Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumin da za a iya yi wa jariri wanka da shi. A zuba nematod miliyoyi a ciki, a rufe famfon goyo, a tsaya gaisawa da maƙwabci. Ruwan ɗumi iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa, su kuma a ɗumin suka fi buƙatarta. Da yake sun fi ruwa nauyi sai su kwanta a gindin tanki su danne juna. Rabin awa a haka ba ƙaramar asara ba ce. A manyan injina ma famfon da ke juya ruwan yana ƙara masa zafi, shi ya sa kamfanonin da ke sayar da nematod ke gargaɗin kada ruwan tanki ya wuce digiri 30, a riƙa girgizawa, a cire matatar da ramukanta suka yi ƙanƙanta, a kuma gama feshin cikin ɗan lokaci.

Halin farautar kowane iri ma yana shiga lissafi. Carpocapsae 'yar kwanton ɓauna ce. A saman ƙasa take zama, ta miƙe a kan wutsiyarta tana lilo, idan ƙwaro ya gifta ta maƙale masa, har tsalle tana yi. Wannan dabara ta sa ta ƙware a kan ƙwarin da ke yawo a sama, amma ta ajiye ta a daidai wurin da rana ta fi gasawa. Heterorhabditis bacteriophora da Steinernema glaseri mafarauta ne masu bin sawu, suna nutsawa ƙasa suna bin iskar da ƙwaro ke fitarwa, don haka suna samun mafaka a inda ya fi sanyi da danshi. Tazarar yatsu huɗu a cikin ƙasa tana iya zama bambancin rai da mutuwa.

Ko firjin ma ba kowa yake wa daɗi ba

Da yake sanyi yana rage cin guzuri, sai a ɗauka kowace nematod a jefa ta firji. Ga feltiae da carpocapsae haka ne, wajen digiri 5 ya yi musu. Amma 'yan ƙasashen zafi irin su riobrave da Heterorhabditis indica ba sa jure ajiya a ƙasa da digiri 10, sun fi daɗewa a wajen 15. Firiza kuwa kisa ce ga abin da ke cikin leda, kowane iri ne. Na ga wannan a matsayin ɗan sassauci gare mu. Irin da ya dace da ƙasarmu ba ya buƙatar tsananin sanyin da wutar lantarkinmu ba ta iya tabbatarwa. Har yakan sa in tuna randa cikin randa, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya biyu, jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Abu ne da ya cancanci masu bincikenmu su gwada da ma'aunin zafi a hannu, musamman a watannin da iska ta bushe.

Idan aka kawo lissafin gida

Riobrave, wadda ta fi kowa jure zafi a gwajin 1994, a kwarin kogin Rio Grande na kudancin Texas aka gano ta, tana kashe tsutsar masara idan ta sauko ƙasa za ta rikiɗa. Daga baya aka yi amfani da ita a gonakin lemu na Florida a kan ƙwaron da ke cin saiwa. Indica kuwa a 1992 aka bayyana ta daga gonakin rake na Coimbatore a Indiya. Steinernema abbasi daga Oman ta fito a 1997, Steinernema yirgalemense kuma daga Yirgalem ta Habasha, kuma masu bincike na Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu sun yi aiki mai yawa a kanta don ƙwarin lemu. Wato ƙasashen zafi ba su rasa nasu ba. Kasuwa ce ta fi cika da na Turai, domin a can masana'antun suka fi yawa.

A ƙasar Hausa kuwa shekara ba zafi ɗaya ba ce. A Afrilu da Mayu iskar Sakkwato ko Maraɗi tana haura digiri 40, fuskar yashin da babu inuwa kuma tana wuce 50 da tsakar rana, zafin da ke ƙona tsiron gero ma kansa idan ruwan shuka ya yi tsalle. A wannan yanayi babu nematod ɗin da za ta rayu a saman ƙasa. Amma a Agusta, ƙarƙashin masarar da ta rufe kunya, ƙasa a jiƙe, sama da hadari, zafin cikin ƙasa yakan faɗo cikin zangon da indica da riobrave da carpocapsae ke aiki. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, dare a Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15, kuma fadamun noman rani suna shan ruwa a kai a kai. Waɗannan lokuta damarmaki ne na gaske. Ma'aunin da zai nuna su shi ne wanda aka soka a cikin ƙasa, a zurfin da ƙwaron yake, da safe da kuma bayan azahar. Hasashen yanayi na rediyo zafin iska yake faɗa, kuma tsakaninsa da na ƙasa akwai tazara ta kowane ɓangare.

Ɗauki ƙwaron tumatir, Tuta absoluta, wanda manoman Kura da Kadawa ke kira sharon, wanda ya yi ɓarnar da ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016. An nuna a Turai cewa nematod tana iya bin tsutsarsa har cikin ramin da ta haƙa a ganye ta kashe ta, kuma feltiae na cikin waɗanda ake sayarwa don haka. To amma a nan ƙwaron ya fi tsananta ne idan hunturu ya wuce zafi ya kankama, daidai lokacin da feltiae ta fita daga zangonta. Wanda ya karanta sakamakon Turai ya yi odar irin guda ya kawo Kadawa a ƙarshen Maris zai yi asarar kuɗinsa, ya kuma tafi yana cewa nematod ƙarya ce. Ina jin tsoron irin wannan gwaji fiye da rashin gwajin, domin manomi idan ya ƙone sau ɗaya da wuya ya sake kusantar abin, maƙwabtansa ma haka.

Misalin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa daga Ruwanda yake. Tsutsar masarar nan da ta bayyana a Afirka a farkon 2016, aka fara tabbatar da ita a Najeriya da maƙwabtanta, a cikin zuciyar masara take ɓuya, wurin da sababbin ganye suka naɗe kamar mazurari. Masu bincike na Jami'ar Neuchâtel ta Suwizalan da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa CABI da hukumar noma ta Ruwanda suka ɗauki wata carpocapsae da aka samo a ƙasar Ruwanda ɗin, suka cakuɗa ta da wani abu mai kauri da yauƙi da ke riƙe ruwa, suka riƙa ɗiga shi a cikin mazurarin. Hikimar a bayyane take. Wurin da inuwa, da danshi, yauƙin yana hana bushewa, ga ƙwaron nan kusa ba sai an yi doguwar tafiya ba. A gwajin gona sun samu raguwar ɓarna da ƙarin amfani na kusan tan ɗaya a hekta idan aka kwatanta da gonar da ba a yi wa komai ba. Sai dai a tuna Ruwanda ƙasar tuddai ce, kusan dukkanta sama da mita 1,000, da wuya rana ta wuce digiri 30. Dabarar yauƙin za ta iya tafiya ko'ina, amma irin nematod ɗin da za a sa a ciki a Funtuwa ko Saminaka sai an auna shi da zafin can.

Kusa da mu, a Jamhuriyar Benin, masu bincike na Jami'ar Parakou tare da Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun tono ƙasar gonakinsu sun samo ire-iren Heterorhabditis na gida, ciki har da indica, suka gwada su a kan gara da ƙudan da ke ɓata mangwaro, suka kuma auna juriyarsu ga zafi da bushewa. Wannan shi ne tsarin da ya dace.

Ana iya cewa ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, duk abin da aka tono a ƙasar zafi zai jure zafi. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Gwajin 1994 ɗin ya nuna iri ɗaya da aka samo daga wurare masu yanayi daban zangonsu kusan ɗaya ne, alhali iri biyu daga wuri guda suna iya bambanta. Nematod tana iya rayuwa a ƙasa mai zafi ta hanyar nutsawa da jiran damina, ba don jikinta ya fi na wasu juriya ba. Daga baya kuma an samu wasu zuriyoyi da suka fita daban, kamar wata Heterorhabditis da aka samo a hamadar Negev ta Isra'ila mai juriya fiye da 'yan uwanta. Saboda haka samo ta a gida mafari ne kawai, sai an gane wace ce, an kuma gwada ta.

Masana sun yi ƙoƙarin ƙara mata juriya da hannu. Idan aka ajiye nematod a digiri 35 na 'yan awoyi kafin a kai ta 40, waɗanda ke tsira sun fi yawa, domin jikin ya samu damar tara wasu furotin masu kare 'yan uwansu daga lalacewa, da wani sukari mai suna tirehalos da ke taimakawa a zafi da sanyi da bushewa. A Jami'ar Kiel ta Jamus, Ralf-Udo Ehlers da ɗalibansa sun bi hanyar makiyaya, suna zaɓen waɗanda suka tsira suna haɗa su aure, suka ɗaga iyakar da 'yan digiri. Amma irin wannan riba takan zo da farashi a wani hali, kamar ƙarfin kisa ko yawan haihuwa, kuma takan zube idan aka daɗe ana kiwo ba tare da matsin zafin ba.

Abin da ke hannun manomi ya fi wannan sauƙi, kuma tasirinsa ya fi girma. Lokaci shi ne na farko. Feshi bayan la'asar sakaliya yana ba nematod dare guda cur na sanyi da duhu ta nutse kafin rana ta fito. A jiƙa ƙasa kafin a zuba, a sake bi da ruwa bayan an zuba don ya tura su ciki, a kuma hana wurin bushewa na mako biyu. Ruwan haɗi ya zama sabon ɗiba daga rijiya ko wanda ya wuni a inuwa. Shimfiɗa kara ko ciyawa a kan kunya yana sauke zafin fuskar ƙasa sosai. Adadin da aka saba bayarwa kuwa shi ne aƙalla nematod 25 a kowane murabba'in santimita, wato biliyan biyu da rabi a hekta, kuma ninka adadin ba ya maye gurbin sa'ar da aka kuskure. Wasu masu bincike a Amurka da Brazil sun gwada binne gawar ƙwaron da nematod ke ciki a gindin shuka maimakon feshi, ta yadda matafiyan za su fito da kansu a cikin ƙasa ba tare da sun bi ta tanki ko sun ga rana ba.

Neman namu kuma ba aikin da ya fi ƙarfin sashen nazarin amfanin gona na kowace jami'a ba ne. Tun 1975 wasu masana biyu, Bedding da Akhurst, suka nuna hanyar a Ostareliya. A ɗebo ƙasa mai danshi daga fadama ko gindin mangwaro, a zuba a gwangwani, a jefa tsutsar saƙar zuma kamar goma, a rufe, a kife, a ajiye a duhu. Bayan mako a zazzage. Idan an tarar da wata ta mutu ta yi ja ko ruwan ƙasa, jikinta da laushi kuma babu wari, sai a ɗora ta a kan jiƙaƙƙiyar takarda a ɗan faranti, a sa farantin cikin wani babba mai ruwa kaɗan. Kwana goma zuwa sha huɗu ruwan zai fara yin hazo-hazo da matafiyan da suka gangaro. Su za a raba kashi uku, a ba su sababbin tsutsotsi a digiri 25 da 30 da 35, a rubuta ranar da kowace tsutsa ta mutu, sannan a jira a ƙirga abin da ya fito daga cikinta.